Inda Za a Sa Sunan Nuhad

Lahadi, 3 ga Nuwamba, da hantsi

Abu Lais ya jefo mini aikin yadda ya saba jefo komai, yana tsaye a bakin ƙofa da kofin gahawa, ƙafa ɗaya a waje. "Ustaza Widad, shafin nan namu ya tsufa. Ki zaɓo mana sabuwar manhaja, ke ce mai karatu." Na ce, "Karatuna duk na mawaƙan da suka daɗe da mutuwa ne, Abu Lais." Ya ce, "To ai sana'ar ke nan," ya fice yana dariya shi kaɗai.

Abin haushi, gaskiyarsa ce. Maɗaba'arsa ce ke buga takardun sanarwar rasuwa da ake mannawa a bangon garin Salt, ni kuma tun da na bar aikin laburare nake sa su a shafinmu na intanet: wa ya rasu, yaushe za a kai shi, a wane zaure maza za su karɓi gaisuwa, a wane gida mata za su zauna. Kwana uku ake zaman makoki. Wanda bai ji ba a cikin ukun nan ya makara, kuma ba za a manta masa ba. A da, in mutum ya rubuta sunan mamaci a injin bincike, mu ne a sama. Yanzu sai an gangara an gaji, a same mu ƙarƙashin wani mai tallar man zaitun. Wanda ya gina mana shafin ya koma Kanada, ya daina ɗaga waya.

Da yamma zan shiga Amman. Ƙanwata Nuhad tana hawa na huɗu a asibiti. Sun ce gwaje-gwaje ne.

Litinin, 4 ga Nuwamba, bayan azahar

Tahani ta zo, wadda ke gina wa 'yan kasuwar garin nan shafuka. Tagwaye gare ta, kuma tana magana kamar an biyo ta. Na tambaye ta abin da ya daɗe yana cin raina: ta yaya injin ke sanin wanda zai ɗora a sama?

"Anti, akwai wani abu da muke ce wa gizo-gizo. Yawo kawai yake yi daga shafi zuwa shafi. In ya shigo gidanku, take zai fara karantawa, sai adireshi, sannan ya leƙa ciki. In gidan ya yi nauyin buɗewa a waya, ya ja tsaki ya wuce."

"Yana gane abin da yake karantawa?"

"Kamar mijina ne. Yana dai riƙe kalmomin."

Matar nan ta burge ni. Na yini ina tunanin wata halitta marar barci da ke bin sunayen mamatanmu ɗaya bayan ɗaya, ba ta san kowa ba, ba ta cewa Allah ya jiƙan rai. Rabin rayuwata na yi ina jera katunan littattafai don wani ya zo ya samu abin da yake nema. Ashe abokin aikina ne. Bambancinmu, shi ba a yi masa ritayar dole ba.

Laraba, 6 ga Nuwamba, da safe

Nuhad ta ci rabin ƙwai. Ba gwaje-gwaje ba ne.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, da la'asar

Tahani ta ce kafin in zaɓi komai in yi wasa da injin, in riƙa neman mutanen da na san muna da su, in ga wa zai fito. Na zauna kamar yarinyar da aka ba sabon madubi.

Mazan duk suna nan. A ƙasa, amma suna nan. Direban bas, alƙali, mahauci, har wanda ya mutu ana bin sa da zagi. Sai na rubuta Zakiyya ungozoma, wadda ta karɓi haihuwar rabin garin nan, ciki har da Abu Lais. Babu. Na juya sunan ta kowace fuska. Babu. Na shiga cikin shafinmu na tono ta da hannu, sai ga ta: "Umm Awni, matar marigayi wane." Uwar Awni. Ko a cikin sanarwar babu kalmar Zakiyya. Haka iyalai ke kawo mana, haka muke bugawa. Mace ta mutu a matsayin uwar babban ɗanta da matar mijinta, a jera 'yan'uwanta maza da surukanta maza har da muƙamansu, ita kaɗai ce ba a gayyata ba.

Na san wannan tun ina yarinya. Ban taɓa ganin sa ta idon gizo-gizo ba. A wurinsa garin Salt gari ne da maza kaɗai ke mutuwa, sai kuma wata baiwar Allah mai suna Umm Muhammad da ta mutu sau ba adadi.

Ni da ban yi aure ba, ban haifi ɗan da za a ɓoye ni a bayansa ba, ko me za su rubuta? Ina son in gani. Abin takaici ba zan samu dama ba.

Nuhad kuwa Umm Ziyad ce. Na rubuta wannan, na daɗe ina kallon sa.

Asabar, 9 ga Nuwamba, da hantsi

Manhaja uku Tahani ta kawo. Ta farko mun sallame ta kafin shayi ya huce: in aka ba ta take da Larabci sai ta mayar da adireshin wasu alamomi kamar kaza ta bi ta kan tawada.

Ta biyu da ɗan rakiya ta zo, Injiniya Bashshar, wanda turarensa ya riga shi hawowa matakala. Na sa wa manhajar tasa suna Ango. Kyakkyawa ce, ba ƙarya. Tana buɗewa a waya kafin ka ɗauke yatsa. Kamfaninsu zai kwashe duk tsoffin shafukanmu a yini guda, kuma gizo-gizo ya san gidansu, kullum yana can.

"Ba abin da za ki taɓa, Hajiya. Ki zuba sanarwa kawai, ita za ta ɗauki layin farko ta yi take da shi."

"Ban je Makka ba. In kuma ina son taken ya bambanta da layin farko fa?"

"Me zai sa ki so haka?"

"Injiniya, yaya sunan mahaifiyarka?"

Ya yi ja har kunne. Ya dubi Abu Lais kamar na cire masa wando. "Haba, Hajiya."

"Ka gani? Abin da zai sa ke nan."

Bayan ya tafi Abu Lais ya ce, "Ustaza, wallahi in aka bar ki da baƙo sai an biya diyya." Amma Ango ya shiga ransa, na gani.

Litinin, 11 ga Nuwamba, bayan azahar

Manhaja ta uku ba ta da ɗan rakiya, ba ta da turare. Na sa mata Tela, don komai sai an gwada ka an yanka, kuma da ganin ta za ta yi saɓa alkawari. Mummuna ce daga ciki, maɓallai ko'ina. Amma a ƙasan wurin rubutu Tahani ta nuna mini wani ɗan gurbi da na kasa daina kallo. Take biyu take ba ka. Ɗaya wanda mai karatu zai gani a saman sanarwa. Ɗaya wanda gizo-gizo zai ɗauka ya kai wa masu bincike.

Wato a fuska Umm wane, a wurin mai nema kuma sunanta na yanka.

Na ce, "An gama." Tahani ta ce, "Tsaya, Anti, ba ki ji kuɗin ɗinkin ba." Abu biyu. Na farko, mu za mu kwashe kayanmu da hannunmu, mu manna wa kowane tsohon adireshi alamar inda ya koma, kuma gizo-gizo yana da zargi: sabon gida sai ya yi ta zagaya shi kafin ya yarda. Wata ƙila kwanaki, wata ƙila makonni, babu mai iya ce masa yi sauri. Na biyu, ba ya son a raina masa hankali. In ya ga suna a take bai gan shi ko sau ɗaya a cikin sanarwar ba, yana iya watsar da taken ya ƙirƙiro nasa.

Ke nan da Ango za a same ta nan take, amma ba ita za a samu ba. Da Tela za a same ta da sunanta, amma ban san yaushe ba, kuma sai sunan ya shiga cikin sanarwar ta wata ƙofa.

"Wa za a samu, Anti?" in ji Tahani. Ashe a fili na yi maganar. Na ce ta sha shayinta.

Talata, 12 ga Nuwamba, da yamma

Hawa na huɗu. Na tarar da Abu Ziyad, mijin Nuhad, a barandar asibiti yana ɓare rumman a cikin kwano, ƙwaya-ƙwaya, yana cire farin bawon da ƙumba. Kullum yake yi. Kullum ba ta ci fiye da cokali. Da mugu ne da na huta.

Na zauna na ɗauko zancen daga nesa, wai aikin ofis, wai wasu iyalai sun fara son a sa sunan mace. Bai ɗago ba.

"Ustaza, mu ba mu manna sunan matanmu a bango kowane ɗan tasha ya karanta yana tofar da yawu."

"Naka za a manna ai."

"Nawa na titi ne. Nata na gida ne. Tun da na aure ta ban bari wani namiji ya kira shi ba, sai yanzu da ba ta iya kare kanta?"

"Kafin ka aure ta 'yan mata nawa suka kira shi a makarantar garin Zarƙa? Malama Nuhad, Malama Nuhad. Su ba mutane ba ne?"

"Wa ya ce miki ana maganar Umm Ziyad?" Kwanon ya karkata a hannunsa. Ƙwayoyin rumman suka zube a ƙasa, muka durƙusa mu biyu muna tsinta kamar mahaukata, wata nas ta tsallake mu.

Na karanta littattafan da suka fi ƙarfin ɗaki guda, amma ban san yadda ake faɗa da mutumin da ke ɓoye ki don yana son ki ba.

Alhamis, 14 ga Nuwamba, da safe

Nuhad ba ta ci ba. Abu Lais ya sake tambayar manhajar da na zaɓa. Na ce ina nazari.

Juma'a, 15 ga Nuwamba, da la'asar

Ina nazari. Maƙwabta sun tafi gona kaɗe zaitun, unguwa shiru. Na karanta duk abin da Tahani ta turo mini a kan gizo-gizo. Akwai mutane a duniya da ba su da wata sana'a sai hasashen abin da yake so, suna musu a kai kamar malaman nahawu. Wani ya ce yana son gajeren take, wani ya ce ƙarya ne. Babu wanda ya taɓa ganin sa. Na ji daɗin karatun, sai kuma na ji haushin kaina da na ji daɗi.

Lahadi, 17 ga Nuwamba, bayan azahar

Yau Nuhad ta farka sosai. Ta aiki Abu Ziyad ya nemo mata ruwan lemo daga wani shago da ta san yana da nisa. Yana fita ta ce, "Yaya, bangon nan kwali ne. Na ji ku ranar Talata."

Na ce aikin ofis ne.

"Ke dai ba ki iya ƙarya ba, shi ya sa ba ki yi aure ba. Yi mini bayani. A hankali, kamar kina gaya wa 'yar aji ɗaya."

Na yi mata. Ango, Tela, take biyu, zargin gizo-gizo. Idonta a rufe, amma na ga yatsanta yana motsi a kan bargo, yadda take yi in tana warware lissafi.

"To ki bar wa Abu Ziyad samansa. Umm Ziyad ce ni, kuma ban ƙi sunan ba, kada ki yi mini wannan fuskar. Na sha wuya kafin in same shi. Amma akwai yara da ba su san shi ba. Na koyar a Zarƙa, na koyar a wani ƙauye bayan Karak inda ake zuwa aji da ƙanne a goye. Ban san inda suke ba. In ɗaya ta neme ni, ina son ta samu ƙofa."

"Sai sunan ya shiga cikin sanarwar, Nuhad. Ba zai yarda ba."

"A ƙasan sanarwa ba a sa ta'aziyyar abokan aiki? Ma'aikatan banki kaza na miƙa ta'aziyya, ƙungiyar kaza na miƙa ta'aziyya?"

"Ana sawa."

"Iyali ne ke rubuta ta?"

"A'a. Masu ita."

"To. Tsoffin ɗaliban Malama Nuhad Abdurrazzaƙ na miƙa ta'aziyya. Makaranta ba ta san wata Umm Ziyad ba. Ko kakan Abu Ziyad ba zai ce an saɓa al'ada ba."

"Ina zan samo ɗaliban?"

Ta buɗe ido. "Wa ya koya miki raba dogon lissafi, ke da kika girme ni da shekara uku, jaka?"

Na yi dariya har nas ta leƙo. Sauran abin da ta faɗa ba na takarda ba ne.

Talata, 19 ga Nuwamba, da hantsi

Na ce wa Abu Lais Tela. Ya ajiye kofi.

"Ustaza, Tahani ta ce za mu iya ɓacewa daga injin na wani lokaci. Sanyi ya shigo, kin san yanzu ne tsofaffi ke tafiya. In mutane suka neme mu ba su gan mu ba fa?"

"Ka ce in zaɓa, ni ce mai karatu."

"Na ce ki zaɓa, ban ce ki rufe mini shago ba."

"Zakiyya ce ta ciro ka daga cikin uwarka da ƙafa, Abu Lais. Nemo mini ita a shafinka."

Ya sake ɗaukar kofinsa. Ya tambayi jikin Umm Ziyad. Na ce da sauƙi. Ya dube ni, ya daɗe, sannan ya ce, "Ku fara yau."

Alhamis, 21 ga Nuwamba, da yamma

Mun kwashe. Ni da Tahani, tagwayenta suna ƙarƙashin tebur suna cin burodi da za'atar, garin ganyen nan mai ƙamshi. Mamatan shekaru, kowa da alamar sabon gidansa. Na rubuta sunan shafinmu a injin: rabi tsohon gida, rabi babu. Tahani ta ce haka ake yi, ta aika wa gizo-gizo taswirar gidan, saura jira.

"Ba a yi masa waya?"

"Anti, ko sarki jira yake."

Ban je hawa na huɗu ba yau. Ziyad, ɗan Nuhad, ya ce barci take yi. Tun jiya barci take yi.

Asabar, 23 ga Nuwamba, bayan la'asar

Ni na buga sanarwar rasuwar Nuhad. Saman nasa, ƙasan nata. Abu Ziyad ya karanta har ƙarshe a wayar ɗansa, ya tsaya a layin ƙarshe, ya miƙa masa wayar. Bai ce a cire ba.

Lahadi, 24 ga Nuwamba, da safe

Gidan cike da mata. Gahawa marar sukari, dabino, Allah ya ƙara muku lada, Allah ya karɓi zuwanku. Umm Ziyad mai kirki, Umm Ziyad mai haƙuri. Wata ta ce ba ta taɓa jin ta ɗaga murya ba. Nuhad! Wadda ta taɓa jifan sufeton makaranta da abin goge allo.

Na shiga banɗaki na rubuta sunanta a injin. Babu.

Lahadi, da yamma

Babu.

Litinin, 25 ga Nuwamba, bayan azahar

Rana ta uku. An kawo mansaf, shinkafa da naman rago, daga gidan surukai, ban iya kallon naman ba. Tahani ta zo gaisuwa, ta raɗa mini cewa gizo-gizo ya shigo jiya, ta ga sawunsa, ya karanta shafin ya fita. Ya karanta. Ya san ta. Yana zaune a kan sunanta kamar ma'aikacin gwamnati a kan fayil.

Da Ango na ɗauka, da tun Asabar tana sama. Na faɗa wa kaina haka sau da yawa yau, ina zuba wa mata gahawa. Amma wace ce za ta kasance a saman, Umm Ziyad ko Nuhad? Na faɗa wa kaina wannan ma. Bai taimaka ba.

Babu.

Talata, 26 ga Nuwamba, da hantsi

An tashi makoki. Mai kujerun haya ya zo da motarsa tun da safe, yana ɗora su bisa juna a tsakar gida. Ban duba injin ba. Na gaji da shi.

Wayata ta yi ƙara, lambar da ban sani ba. Lambata ce a ƙasan sanarwar, wurin ta'aziyyar ɗalibai.

"Salamu alaikum. Don Allah nan ne gidan Malama Nuhad? Mai lissafi? Ta Zarƙa?"

Na zauna a kan matakala.

Sunanta Intisar, tana da kantin magani a Irbid. Ta ce ta daɗe tana rubuta sunan a injin lokaci-lokaci, ba ta taɓa samun komai ba, har ta ɗauka ko ta bar ƙasar. Jiya wata ta ce mata ta ji an yi rashin wata malama a Salt. Ta nema jiya, babu. Yau da ta buɗe kanti ta sake gwadawa. Tana magana tana kuka, tana ba wani canji a lokaci guda.

"Ta taɓa zuwa gidanmu ta yi wa babana ihu a gaban maƙwabta, saboda ya ce in bar makaranta in kama aiki a masaƙa. Ke wace ce tata?"

"Ɗalibarta ce. Kuma yayarta."

"Anti, na ga kwanan watan. Na makara ko?"

"Kin makara," na ce. "Taho."

Na leƙa tsakar gida na ce wa mai kujeru ya sauke mini biyu. Ya ce an gama kwana ukun ai, Hajiya. Na ce ya sauke. Abu Ziyad yana tsaye a bakin ƙofa, ya ji komai. Ya shiga kicin da kansa ya ɗora gahawa.